Takardar da Gwaggo Azara Ta Rataya a Wuya

Na roƙi Allah ya daidaita mini harshe kafin in shiga wannan babi, domin shi ne na fi daɗewa ina kewayawa. Ku ƴaƴana kun taso kuna jin cewa wata rana innarku Hadiza ta rikita takarduna, ta ba wata tsohuwa abin da ba nata ba. Manyanku sun ji da kunnensu ranar da na ɗaga mata murya a tsakar gida. Har yau in ta ajiye ludayi inda ba wurinsa ba, sai in ji ɗayanku ya tsokane ta da zancen, ita kuwa ta yi murmushi ta ci gaba da aikinta. To, ku natsu ku ji yadda abin ya kasance. Innarku ba ta rikita komai ba.

Abin ya faru ne a shekarar da yayarku Rakiya ta dawo daga Yamai, aka ba ta koyar da Ingilishi a wata lakwal, makarantar boko, ta nan Agadas. Kun san ban so tafiyarta ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yawan maganar da na yi a zaure, gaban mutanen da ke zaman shayi wurina bayan la'asar. Na ce Faransanci dai an ɗora mana shi, ba yadda muka iya, amma wanda ya kwashi ƙafa ya tafi neman harshen Nasara na biyu, abin yi ya rasa. Na ce ni Alhusaini, da na ƙarar da ƙuruciyata gaban malamaina ina karatun nahawu, babu abin da ke cikin Ingilishi da zai sa in ɗaga kai. Ba sau ɗaya na faɗa ba. Aka yi dariya, aka gyaɗa kai, ni kuma gyaɗa kan nan ya yi mini daɗi.

Rakiya tana da ɗabi'ar shirya darasinta da ƙarfi, ranar Lahadi da hantsi, a inuwar bangon gabas. Wata Lahadi ina gefe ina feƙe alƙalamin kara, sai na ji tana ta nanata jimla biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Na daure na daure, na kasa.

"Rakiya, abu ɗaya kike ta maimaitawa ko biyu ne?"

"Biyu ne, Baba. Su ne ke kayar mini da ɗalibai kowace jarrabawa."

A ranar wata babbar mota daga Tabelot tana sauke albasa a bakin titinmu, warin ya cika gidan, sai ta ɗauki misalinta daga nan. Ta ce masu Ingilishi, in mutum yana so ya nuna abin da ya fito daga aikinsa, yadda za a iya ƙirgawa a gani, yana da siga guda: na sayar da buhu uku na albasa, ga wurinsu nan fayau. In kuwa tsawon aikin yake son nunawa, cewa ya faro tun ɗazu kuma yana kai, ko yanzu ya tsaya gumi bai bushe ba, sai ya ɗauki wata siga dabam: tun safe nake ta sayar da albasa. Ta ce duka biyun ƙafarsu ɗaya tana jiya, ɗaya tana yau, amma ta farko idonta na kan buhun da ya tafi, ta biyu idonta na kan mai sayarwa da gajiyarsa. Na ajiye wuƙar da ke hannuna. A Larabci na san fi'ilin da ya wuce, na san wanda ake ciki, sai ga mutanen nan sun gina ɗaki biyu a ƴar tazarar da ke tsakaninsu. Wanda bai taɓa ɗanɗana nahawu ba ba zai gane abin da ya kama ni ba. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce ta faɗa sannu-sannu, na jawo tawada.

Haka na zama ɗalibin ƴata, bisa sharaɗin kada kowa ya ji. Ban iya haruffan boko ba, don haka ita ta furta, ni in rubuta da ajami yadda kunnena ya kama, in sa fassarar Hausa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Akwai sautin da babu harafinsa a wurinmu, sai in ƙara ɗigo in yi masa alama ta kaina. Takardar da nake rubuta addu'a da ita, tawadar da nake haɗawa da gawayi da ƙaro, alƙalamin nan dai guda. Wanda ya hango daga nesa cewa zai yi malam yana aikin Allah. Sauran matsala ɗaya: ina zan ɓoye su? Gidanmu kun san shi, babu lungun da hannun yara bai kai ba, in ban da wuri guda. Gafakata ta fata, inda nake ajiye ayoyi da addu'o'in da na gada wurin mahaifina, babu mai taɓa ta sai da izinina. Can na riƙa cusa su. Na san bai dace ba tun ranar farko. Zancen albasa da na jiran mota a tasha, na kwantar da su jikin sunayen Allah, don kawai kada abokan shayina su yi mini dariya.

Yanzu sai in kawo muku Gwaggo Azara, don ƙanananku ba su riske ta da ƙarfinta ba. Ƙawar mahaifiyata ce, gidanta na uku daga namu in ka nufi babban masallaci. Ta goya ni a bayanta. Husaini take kirana ina yaro, amma ranar da na sauke Alƙur'ani, ita ce mutum ta farko da ta ce mini Malam, a gaban jama'a, ina ɗan saurayi ko gemu babu. Daga ranar ba ta sake kama sunana ba. Ɗanta na ƙarshe, Illa, ya bi masu haƙar zinariya zuwa Jado, aka yi wata bakwai babu labarinsa. Ta zo zaurena da sandarta ta zauna, ba ta yi kuka ba. Ta ce in rubuta mata abin da za ta rataya, zuciyarta ta sami abin riƙewa har Allah ya yi ikonsa. Na yi alwala na rubuta mata addu'a ta neman tsari ga matafiyi, na naɗe ta naɗin laya, na sa a bakin gafaka. Na ce wa innarku in Gwaggo ta zo ba na nan, takardar da ke sama, naɗaɗɗiya, ita ce tata.

Kashegari aka aiko cewa wani abokin karatuna ya rasu a Ingal. Na shirya, ina zaure ina jiran motar da za ta ɗauke mu, sai na ce bari in duba darasina kafin ta iso. Takardar albasar nan ce, ta ranar farko, wadda na fi so. Ina cikin motsa leɓe sai na ji sallamar ɗaya daga cikin abokan zamana a bakin ƙofa. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Shekara arba'in yana naɗe takarda iri guda, sai ya naɗe wannan ma haka, ya tura ta bakin gafaka, bisa ta Gwaggo. Na amsa sallama, mota ta zo, na tafi.

Ku da kuka tashi cikin garin nan kun san al'ada. Takardar da malam ya naɗe ba a buɗe ta. Mai karɓa ba ya buɗewa, matar gida ba ta buɗewa, badukun da zai ɗinke ta cikin fata ma zare kawai yake naɗa mata ya rufe. Da ɗayansu ya ɗaga kusurwa guda, da ya ga Hausa ƙarara a ƙasan kowane layi. Babu wanda ya ɗaga, saboda sun yarda da ni.

Kwana uku na yi a Ingal. Da na dawo innarku ta shaida mini Gwaggo ta zo ta karɓa, har an ɗinke mata da jar fata. Na ce madalla. Sai ranar Lahadi, da Rakiya ta shimfiɗa tabarma, na buɗe gafaka ina neman takardar albasa. Abin da na tarar a sama addu'ar matafiyi ce, da naɗinta yadda na bar ta. Na zazzage komai, na sake zazzagewa. Sannan na tuna sallamar nan da abin da hannuna ya yi. Na tuna sarai, ina so ku riƙe wannan. Ina sane da gaskiya na fito tsakar gida na kira innarku da muryar da ban taɓa kiranta da ita ba, na ce ta ba baiwar Allah takardar da ba ita ba, na ce ba a iya barin mata saƙo ko na kwana ɗaya. Tana riƙe da matankaɗi. Ba ta ajiye shi ba.

"Ta sama ka ce, Malam. Ta sama na ba ta."

Rakiya ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

A ranar na sa takalmi na nufi gidan Gwaggo da addu'ar a aljihu. Na same ta a kan tabarma tana jan carbi, jar layar tana kan ƙirjinta, ta ɗora tafin hannu a kai kamar mai rarrashin jariri. Ta ce tun da ta rataya ta take samun barci. Na buɗe baki, sai lissafi ya zo mini. In na ce an yi kuskure, za ta tambayi abin da ke ciki. In na faɗa, kafin magariba unguwa ta ji cewa Malam Alhusaini, mai zagin Ingilishi a zaure, yana durƙushe gaban ƴarsa yana koyonsa, har yana ɓoye shi cikin ayoyi. Na gaishe ta da jiki, na tambayi ƙafarta, na dawo gida da addu'ar a aljihu. Na ce gobe. Goben ta zama jibi.

Bayan kamar kwana ashirin Illa ya kira ta wayar wani maƙwabci. Yana raye, rashin lafiya ce ta kwantar da shi a wani wuri da babu hanyar aike. Kafin damina ya dawo gida, ya rame amma da ƙafarsa. Gwaggo ta zo mini da dabinon Ingal da cuku a cikin kwarya, kuma ba ta bar gida ɗaya a unguwar ba da ba ta shiga ta ba da labarin layar Malam ba. Mata suka fara zuwa, wadda mijinta ke Libiya, wadda ɗanta ke Arlit, kowace tana cewa irin ta Azara take so. Addu'a ta gaskiya na rubuta musu, Allah ne shaida. Amma na san a kan me sunana ya tashi. Na ci dabinon nan. In limaminmu ya yi tafiya ni ake turawa gaba, in ɗaga hannu in yi kabbara, wani lokaci ba abin da ke zuwa mini sai buhu uku na albasa. Darasi kuwa ya mutu. Rakiya ta koma shirya aikinta a ɗaki, ƙasa-ƙasa.

Akwai rana ɗaya da har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Gwaggo ta shigo gidanmu ana hira da innarku, ni ina gyara igiyar shanya. Can ta miƙe za ta kewaya. Kafin ta ɗauki buta sai ta sunkuyar da kai, ta zare layar da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta miƙa wa innarku ta riƙe mata, don ba a shiga makewayi da sunan Allah. Innarku ta karɓa da hannu biyu ita ma. Ta tsaya riƙe da ita a tsakiyar gida, ta dube ni. Ba harara ba ce. Dubana kawai ta yi, har Gwaggo ta fito.

Shekara ta kewayo. Gumi da wanka suka ci fatar, ɗinkin ya fara saki. Wata safiya Gwaggo ta zo zaure, numfashinta yana sama-sama, ta ce ƙirji ke damunta kwanan nan. Ta zare layar ta ɗora a hannuna. Ta ce in buɗe, tun da ni kaɗai ke da ikon buɗewa, in kwafe abin da ke ciki a allo a wanke mata ta sha, sannan a sake mata sabuwar fata. Ta ce abin da ya dawo da Illa daga Jado ba zai gaza da ƙirjin tsohuwa ba. Na ce ta jira ni, na shiga ciki. Ban ɓoye muku ba, farin ciki na ji. Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta. In zare takardar albasa, in sa addu'ar da ke ajiye tun bara, in rubuta mata ayoyin waraka a allo, babu mahaluƙin da zai sani. Na yanke zaren, na warware. Rubutuna ne, da ɗigogin da na ƙirƙiro, gumi ya ɗan jiƙa gefe. Ina miƙa hannu cikin gafaka innarku ta shigo da tsintsiya.

"Musanyawa za ka yi?"

Na ce shi ne gyara.

"Takarda za ka gyara," in ji ta. "Ni shekara guda ina ɗauke da abin da ka ɗora mini, ban ce komai ba, don na san abin da na ɗauka. Ita ba ta san abin da ta ɗauka ba. Haka za ta je kabari tana sa maka albarka?"

Ta fara shara daga bakin ƙofa, kamar ba ta yi magana ba. Sannan na ɗauki takardun biyu, ɗaya a kowane hannu, na fita zaure.

Ban iya tsara muku yadda na faɗa ba, domin ban tsara shi ba. Na durƙusa gabanta yadda nake yi ina yaro. Na faɗa mata darasin, da ɓoyewar, da sallamar da ta firgita ni, da ranar da na zo gidanta da addu'a a aljihu na koma da ita. Da na gama ta nuna takardar da haɓa.

"Karanta mini."

Na ce Gwaggo, Ingilishi ne.

"Na ji. Karanta."

Na karanta da lafazin da Rakiya ta koya mini, a zauren da na sha cika baki. Sannan na karanta Hausar da ke ƙasa. Na sayar da buhu uku na albasa. Tun safe nake ta sayar da albasa.

"Albasa," in ji ta.

"Albasa, Gwaggo."

"Ta ina?"

"Ta Tabelot."

"To, ko ba komai mai kyau ce."

Na ɗauka dariya za ta yi, na ɗago kai. Ba dariya a fuskarta. Ta ce shekara guda ba ta taɓa shiga makewayi da ita ba. Ta ce da azumi, goman ƙarshe, ita ta riƙe tana kuka tana godiya. Na miƙa mata addu'ar gaskiyar da hannu biyu, na ce yanzu zan kai wa baduku da kaina. Ta ture hannuna a hankali.

"Ajiye abinka. Wanda ya dawo mini da Illa bai jira takardarka ba, ga shi ka nuna mini. Kuskuren hannu kowa na yi. Amma sau nawa ka gaishe ni a shekarar nan, idonka yana kan layar nan?"

Ta dafa bango za ta tashi, sandarta ta zame gefe.

"Husaini, miƙo mini sandata."

Fiye da shekara arba'in rabon da in ji sunan nan a bakinta.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Da mata suka tambayi layar, ta ce ta gama aikinta. Ita ta rufa mini asirin da na ƙi rufa wa innarku. Ni kuwa rabin jarumta na yi: na shaida wa abokan shayina cewa ina koyon Ingilishi wurin Rakiya, suka yi dariyarsu ta mako guda, ɗaya ma ya roƙi in koya masa gaisuwa. Abin da na sayar da gaskiya don gudunsa ke nan, dariyar mako guda. Zancen laya ban kai gare shi ba, kuma ban tara ku na wanke innarku ba. Na roƙe ta gafara a ɗaki, inda babu mai ji, alhali a tsakar gida na ci mutuncinta. Kowace shekara in ce zan faɗa, har tsokanar ta zama wasan gida, har jikoki suka koya.

Takardar tana nan. Ba ta cikin gafaka, tana cikin tsohon gwangwanin shayi bisa taga, tare da sauran darussan, don mun koma karatu ni da Rakiya, a fili, a inuwar bangon gabas. In na mutu kada wani ya gan ta da ajami ya ɗaga ta sama, albasa ce. Wanda kuma ya taɓa tsokanar innarku da zancen nan, ya je ya durƙusa mata, ya ce ni na aiko shi.

Gwaggo ta ƙara shekara biyu a duniya. Ba ta fasa shigowa gidanmu ba, ba ta fasa aiko mini da dabino ba, amma ba ta sake neman rubutu wurina ba. Ranar da jikinta ya tsananta na je da hantsi, Illa ya shigar da ni. Idonta a rufe. Na zauna gefen shimfiɗa na roƙe ta ta yafe mini, ta ce ta yafe tun a zaure, kada in dame ta. Na yi mata addu'a, ta amsa da amin. Da na miƙe zan fita sai wata maƙwabciya da ke zaune ta ce mata Malam zai tafi. Ta buɗe ido kaɗan.

"Husaini ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To. Ka gaida Hadiza."